Zanen Da Na Yi A Bayan Rigar Abokina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Lokacin da abin ya faru ina shekarar ƙarshe a wata kwaleji a nan Daura, ina zaune da mahaifiyata a wani lungu kusa da Kusugu. Ni mutum ne marar magana. Ko na san amsar tambaya a aji, sunkuyar da kai nake yi har wani ya faɗa. Abu biyu aka san ni da su, karatu da kyawun rubutu. Sai na ja layi da rula kafin in rubuta kwanan wata, shi ya sa 'yan ajinmu suka laƙaba mini Akawu. Ina kuma ɗan taɓa zane, amma a shafin ƙarshe na littafi, inda ba mai gani.

Abokina na gaske ɗaya ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Zango, ɗan manoma. Da babur yake zuwa kullum, ya koma da la'asar saboda gona. Shi mai surutu ne da barkwanci, kuma shi ke tare mini idan aka sa ni gaba da tsokana. A hanyarsa akwai wani shingen 'yan sanda, kuma da wuya mako ya wuce bai shigo aji da labarin wani sajan na wurin ba. Wata rana ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban matan da za su kasuwa, wata rana ya zare masa makulli ya shanya shi a rana har ya rasa gwaji. Yana ba da labarin yana dariya, ni kuwa abin yana cina a rai. Sau biyu na bi shi ƙauyensu, na ƙare wa sajan ɗin kallo daga bayan babur: gajere ne, yana karkata hula, da tabo a saman girarsa ta hagu. Na riƙe fuskar.

Akwai al'adar da ɗalibai ke yi ranar jarrabawar ƙarshe. Kowa ya zo da farar riga mai gajeren hannu, a yi ta rubuta wa juna addu'a da tsokana da alƙalamin maka. Daɗin abin shi ne, abin da aka rubuta maka a baya ba ka karantawa sai ka je gida ka tuɓe. Ranar tamu abokina ya juya mini baya, ya ce ya hana kowa taɓa tsakiyar rigar, ni ya ajiye wa, in yi masa abin da zai rataye a ɗaki har jikokinsa su gani. Na zaunar da shi a kan benci na dage. Na zana kare sanye da hular ɗan sanda a karkace, na sa masa tabo a saman gira ta hagu, ya miƙa ƙafar gaba kamar mai karɓa. A ƙasa na rubuta cewa irin wannan su ne karnukan hanyar Zango, na ƙara da wata kalma da ta taɓa iyayensu, wadda ba zan maimaita ta a nan ba. Sannan na ja layi a ƙarƙashi, yadda na saba. Kowa ya sa sunansa a jikin abin da ya rubuta, ni kaɗai ban sa ba.

Kafin in gama 'yan aji sun kewaye mu suna ta ƙyalƙyala dariya. Shekara biyu muna tare, ranar ce ta farko da aka yi dariya saboda abin da na yi, ba don ana yi da ni ba, kuma abin ya hau mini kai. Abokina yana ta tambayar me Akawu ya aikata masa, suna ce masa ya bari sai ya je gida. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, lokacin da ya tayar da babur na tuna ta inda zai bi. Na buɗe baki zan ce ya ɗora wata riga a kai, sai na ga mutane sun yi yawa, na ji kunyar a ce na tsorata. Na ɗaga masa hannu kawai.

Daga baya na ji yadda ta kasance. Ranar 'yan sandan shingen ba su ma tsayar da shi ba. Ganin farar rigar, ɗaya daga cikinsu har ya yi masa murnar gama makaranta, ya ɗaga masa itacen shinge. Sai da ya wuce suka ga bayansa. Suka bi shi da mota, suka tare shi a gefen wata gonar gero, suka fara marinsa tun bai sauka daga babur ba. Yana ta tambayar laifinsa, su kuma suna ɗauka rainin wayo ne, suna ƙara masa.

Washegari da hantsi mahaifinsa ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Dattijo ne, ƙafafunsa duk ƙasar gona. Ya ce ɗansa kullum yana faɗa masa ni ne mai ilimin ajin, shi kuwa bai yi boko ba, in taimaka in raka shi caji ofis in zame masa baki. Na bi shi. A hanya ina ta bitar abin da na haddace game da 'yancin faɗin albarkacin baki a kundin tsarin mulki, darasin da na fi kowa cin maki a kai. Muna shiga na tarar da rigar shimfiɗe a kan kanta, komai ya gudu daga kaina. Babban jami'in wurin ya ce wannan cin mutunci ne da neman tunzura jama'a. Ya ce yaron ya nace bai san wanda ya yi zanen ba, amma su sun san ba zai iya zana bayansa da kansa ba. In an kawo mai hannun, za su saki wannan a ranar. In ba a kawo ba, wanda ya sa rigar shi zai amsa. Ya ƙara da cewa ko wane ne, ya iya aikinsa, don har tabon bai manta ba.

Sai aka ce a rubuta takardar neman beli. Mahaifin abokina, wanda nake kira Baba, ya juyo gare ni ya ce, ga ɗana nan, shi zai rubuta. Aka miƙo mini biro da takarda, aka ajiye a gefen rigar, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ya ku masu karatu, a nan ne na yi abin da ya fi zanen muni. Na karkata biron, na dinga wargaza haruffa kamar ɗan aji biyu, ina hawa layi ina sauka, don kada a haɗa hannun da na jikin rigar. Ina cikin haka aka fito da abokina daga bayan kanta, kuncinsa na hagu a kumbure, ba riga a jikinsa. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya mayar da idonsa ƙasa. Da muka fito Baba ya riƙe hannuna yana sa mini albarka, yana cewa Allah ya ba ni 'ya'yan da za su tsaya mini yadda na tsaya masa.

Ba a ba da belin ba. Aka kai shi kotu, aka tura shi gidan yari kafin a sake zama. Kwana goma sha shida ya yi a tsare, daidai lokacin noman farko, ciyawa ta cinye musu rabin gero. Kowace safiya nakan shirya in ce yau zan je in faɗa, in kai bakin titi in dawo. Dagacin ƙauyensu da wasu dattawa ne suka yi ta zirga-zirga suna ba da haƙuri har aka janye maganar. Ya fito, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba.

Sai da aka yi wata guda na iya zuwa ƙauyen. Na same shi a gindin wata bishiya a bakin gona yana gyara ƙotar fartanya. Na zauna, ya ce in koma ta damansa, wancan gefen an rufe shago. Ya yi dariya, ni na kasa. Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Akawu, tun da suka juya mini rigar na gane hannunka. Wa ke ja wa zagi layi a ƙarƙashi in ba kai ba?"

Na fashe da kuka ina roƙon gafara, na tambaye shi me ya hana shi faɗin sunana. Ya ce ya auna ni ne ya ga ba zan kai kwana biyu a wurin ba, ga shi mahaifiyata ba ta da kowa sai ni. Ya ce maganar takardar belin ma ya yafe, tsoro ba laifin kowa ba ne. Ya kalli gonar, sannan ya ce:

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Me ya sa ba ka yi shi a gaban rigar ba? Da na karanta, wataƙila in sa ta haka nan in bi ta gabansu. Ko ba komai, da na san abin da ake dukana a kai."



Ban canza ra'ayi a kan abin da aka yi masa ba. Babu rigar da ta kai a kashe wa mutum kunne saboda ita, kuma wanda aka ba amanar doka bai kamata ya rama zagi da hannunsa ba. Amma na daina ɓuya a bayan wannan. Abin da na rubuta ba ƙorafi ba ne, zagi ne, har da iyayen da ba su tare kowa a hanya ba. Da gyara nake so, ni da na iya rubutu, da na rubuta koke na sa hannu na kai inda ya dace. 'Yancin magana da na haddace nawa ne, amma bayan da na ɗora maganar a kansa ba nawa ba ne.

Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana ɗalibai, musamman irina masu shiru, waɗanda abu ke taruwa a ransu har ranar da suka sami 'yan kallo. Kafin ka rubuta wani abu a riga, ko ka tura a waya, ka tambayi kanka wa zai bi ta shingen da shi. In ba za ka iya sa shi a ƙirjinka da sunanka a ƙasa ba, to kada ka ɗora wa wani. In kuma ka riga ka yi, ka faɗa tun ranar farko, don kowace rana da ta wuce bakin ƙara nauyi yake yi.

Baba har yanzu bai sani ba, abokina ya hana a gaya masa. Duk kaka sai ya aiko mana da gyaɗa a bayan babur, ya ce a kai wa yaron nan da ya tsaya musu. Mahaifiyata tana soyawa tana yaba kirkin mutanen Zango. Ni ban taɓa iya kai ko ƙwaya ɗaya bakina ba.