Sandar Golf Mai Ƙotar Gatari

Daga Tsohon Birnin Gwari har Kaduna ba a taɓa haihuwar mai saurin hannu irina ba. In na kai wa sauro mari, sai ya isa lahira kafin ya ji labari.

A farkon mulkin kai ni ke tuƙa Lanrobar ma'aikatar gandun daji. Maigidana, jami'in da ya gaji kujerar Bature, ya gaji har da jakar sandunan golf, wasan nan da ake dukan ɗan farin ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe. Kullum la'asar yana bayan bariki yana ta bugu. Rannan na roƙa in gwada. Ƙwallon ya gangara gabana kamar kashin akuya.

"Direba, ba ƙarfi ake nema ba, sauri ake so," in ji shi. "Za a yi gasar dogon bugu ta ƙananan ma'aikata a Kaduna. In ka tsallakar da ƙwallo rafin can, zan sa ka a ciki."

Ya ba ni wata tsohuwar sanda. Na shiga daji da ita kamar mai ramuwar gayya. Na fille kan suri, na farfasa goruba, wani damo da ya tsaya yana kallona bugu ɗaya na raba shi da kansa. Tafin hannuna ya sale, jini na bin sandar. Matata tana ɗaure min da tsumma tana cewa, "Malam, wai an yi shelar yaƙi ne ban ji ba?" Daga ƙarshe na auna kututturen maɗaci, sandar ta karye biyu.

Na kai wa wani maƙeri a Gayam, abokin wasana.

"Kai mahaukacin direba, wannan wace irin fartanya ce?"

"Ta manya ce, sarkin gawayi. Yi mata doguwar ƙota, tsawo ke kawo sauri."

Ya ƙera wa kan tsini, ya gasa shi jajir, ya soka a ƙotar ƙirya mai kai min ƙirji, yadda ake yi wa gatari. Muka duba, muka yaba wa kanmu. Abin da ba mu tuna ba, gatari sara ne ke ƙara cusa ruwansa cikin ƙota. Wannan kuwa wulwula ta ake yi, kan yana ta neman hanyar fita.

Ranar gwaji leburori suka taru. Na dasa ƙwallo kan ɗan tulin ƙasa, na ɗaga har ƙashin bayana ya yi ƙara, na sako da ƙarfin duk tuwon da na ci tun yaye. Iska ta yi kuka, fiuu! Sai na ji hannuna sakayau. Kan ƙarfen ya fice kamar harsashi, ya aske hular maigida, ya tsallake rafi, ya tarwatsa amyar da wani manomi ya ɗora a kan ɗorawa.

Ƙudan zuma suka taso baƙi ƙirin. Leburori suka tattake juna, ɗaya ya bar haƙoran gabansa a jikin Lanroba. Maigida ya faɗa mota ya rufe ƙofa da rabin rundunar a ciki, ba ka jin komai sai ihu da Turanci. Ni na tsunduma rafi, dutse ya fasa min goshi, ruwan ya yi ja. In na ɗago shan iska su rufe ni da harbi, har cikin hanci. Ina cikin haka mai amya ya iso da gora, ya sauke min ita a gadon baya har sai da ta tsage.

A ɗakin shan magani aka jera mu gado kusa da gado. Fuskar maigida ta zama kabewa, idanun sun nutse.

Na ce, "Ranka ya daɗe, amma ai ka ga sauri. An kuma tsallake rafi. Maganar Kaduna fa?"

Ya ɗaga kumburarren leɓensa da ƙyar.

"Sauri kam na gani, direba. Ƙwallon dai yana nan inda ka ajiye shi, ko gezau bai yi ba."