Anti Rakiya, wadda ta haɗa mana sabobi uku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina layin mai koko a Asawase, mijin Anti Rakiya ya kira ni. Ya ce, "Bashiru, ta rasu da asuba." Na ce to. Na karɓi kokona na wuce wurin aiki. Sai da na zauna na ga leda a hannuna, ban ma san yadda na iso ba.

Har yanzu ban yi kuka ba.

Ga wanda bai san ta ba, injiniyar kwamfuta ce. Ni kuma ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibitin mata da yara mai rassa uku: Asawase, Asokore Mampong da Kwadaso.

A da, bayanan marasa lafiyarmu duka suna cikin saba guda ɗaya, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai, a ƙarƙashin teburina. Wata Litinin wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, sabar ta ƙone. A ranar aka kawo wata mai ciki tana jijjiga, ba ta iya magana. Nas tana tsaye a kaina tana tambaya ko akwai maganin da jikin matar ba ya ɗauka. Na san an rubuta, amma ba hanyar buɗewa. Allah ya sa uwar matar ta iso ta faɗa da baki. Ta rayu, ita da jaririnta.

Bayan wannan ne aka kira Anti Rakiya. Na zaci faɗa za ta yi mini. Ta duba sabar, ta dube ni, ta ce, "Ka ci abinci?" Sai da ta sa aka kawo mana waakye, wato shinkafa da wake, sannan muka fara maganar aiki.

Ta ce saba uku za mu haɗa, kowane reshe ɗaya, kowacce da cikakken kwafin rumbun bayanan. Abin da aka rubuta a ɗaya ya je sauran biyun nan take. Idan ɗaya ta mutu, sauran su ci gaba da aiki. Na ce biyu ba su isa ba? Ta ce, "Idan netwok ya yanke tsakaninsu, kowacce za ta ce ita ce babba. Dole a sami ta uku mai raba gardama."

A trotro, motar haya, muka kai ta Kwadaso, sabar tana kan cinyata.

Ba ta taɓa karɓe kibod daga hannuna ba. Sai ta zauna a bayana, hannu cikin hijabi, ni nake rubuta komai. Sabar Kwadaso ta ƙi shiga cikin 'yan uwanta, na yi kwana biyu ina fama. A rana ta uku ta ce, "Ƙanena, ka duba agogonta kuwa?" Agogon ne ya saɓa da na sauran. Tun ranar farko ta gani, so take in nemo da kaina.

Ranar gwaji ta zaɓi ranar awo, asibiti cike da mata. Ta sa nas-nas suka ajiye katunan takarda kusa, ko da za a sami matsala. Sai ta nuna mini soket ɗin sabar Asawase ta ce in cire.

Na ce, "Anti, yau fa ranar awo ce."

Ta ce, "Shi ya sa. Dumsor zai tambaye ka rana kafin ya ɗauke wuta?"

Na cire. Allon nas ɗin da ke rajista ya ɗan tsaya, sai ya ci gaba. Nas ɗin ta ɗago ta ga mun zuba mata ido, ta ce, "Lafiya kuke kallona?" Anti Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Alhamis ɗin nan na gan ta ƙarshe. Ta kawo mini wani littafi da ta rubuta da hannunta, abin da zan yi mataki-mataki idan wata saba ta faɗi. Tana ta matsa goshi, ta ce kanta ne ke ciwo tun jiya. Na ce ta bari a auna jininta, ɗakin nas ƙofa biyu ne kawai daga nawa. Ta ce za ta makara ɗauko yaranta daga makaranta. Ban matsa mata ba.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ka riƙa gwada bakof ɗin nan, kwafin da muke ajiyewa, duk wata, ka ji, wae. Kada ka jira ni."

Ranar Lahadi ta faɗi a kicin. Ba ta sake magana ba.

Ɗazu na duba, sabobin uku duk suna aiki. Sunanta yana nan cikin masu izinin shiga. Ita ta koya mini cewa duk wanda ya bar aiki a cire sunansa a ranar. Na buɗe wurin, na zauna ina kallo, na rufe.

Za a yi jana'iza bayan azahar a Asokore Mampong. Ta bar miji da 'ya'ya mata biyu.

Allah ya jiƙan Anti Rakiya, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Allah ya raya yaran nan, ya ba babansu haƙuri.

Don Allah, ko ba ku san ta ba, ku sa ta a addu'a bayan sallarku ta yau. Ni bakina ya yi nauyi, ku taya ni.