Geron da Aka Hana Yara

A ƙauyenmu na wajen Gwashi ba a ba yara tatsuniya kyauta. Idan an yi magariba an ci tuwo, sai Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu, ta jawo kwandon gyaɗa ta dire kusa da murhu, ta tura karan dawa biyu cikin sauran wutar. Duk mai son labari sai ya zauna ya ɓare. Mu uku ne: yayana Sani, ni, da ƙanwarmu Asabe, wadda abin da take ci ya fi wanda take zubawa a ƙwarya. Inna tana gefe tana kankare tukunya kamar ba ta sauraro.

Kaka ba ta jan buɗewa. Sai ta ce, "To, ga ta nan ta iso bakin ƙofa." Mu ce ta shigo mu ji ta.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, kuma ita ce ba mu so. Wai an yi wata mata da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. A shekarar ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fitar da kai. Daga ɗan abin da ta girbe, ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta sussuka, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakinsa da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta. Rumbuna suka ƙare. Gida bayan gida mutanen garin suka cinye irinsu. Ita kuwa da dusa da busasshen tafasa take riƙe yaranta. Yaran sun san da tulun. Kullum sai sun ce, "Inna, ko tafi ɗaya." Ita kuma ta juya baya ta ce ba na ci ba ne.

Da ruwan farko ya sauka, garin ba mai ƙwayar shukawa. Ta tono tulun ta ba kowane gida tafi guda, aka shuka, gari ya rayu. Amma autanta bai ga ranar ba. Saura kwana tara ruwa ya zo aka binne shi.

Nan Asabe take fara kuka. Sani ya ce, "Haba Kaka, da ta dama mishi kunu ko sau ɗaya!"

Kaka ta ce, "In ta buɗe yau, mi za shi hana ta buɗe gobe? Su huɗu na, kowa na kuka."

Wata rana na tambaye ta, "To, daidai ta yi ke nan?"

Ta tura kara cikin wuta, ta ce, "Ke Kulu, ni ban ce ba. Abin da yaf faru nika gaya muku. Ku ɓare gyaɗa."

Kaka ta rasu tun ana kwana lafiya a ƙauyen. Ina da 'ya'ya biyu lokacin da 'yan bindiga suka fara hana mu zuwa gona. A hanyar gona aka kashe mijina. Sani ya tafi ramin zinari a wajen Anka, sai mu yi watanni ban ji muryarsa ba. Asabe ta bi dangin mijinta zuwa Bukkuyum. Ni na kwashi yarana muka baro ƙauyen, na sauka a Gummi, a ɗaki ɗaya da wata 'yar'uwar Inna ta ara mana. Cikin ɗan abin da na ɗauko akwai jarka cike da irin geronmu, da toka a ciki yadda aka koya mini.

Surfe da wanki nake yi a gidajen mutane. Akwai ranakun da ba a ɗora tukunya, babbar 'yata Maryam ta tsaya tana kallon jarkar a kusurwa, ni kuma in juya baya. Damina biyu suka wuce ina cewa baɗi za mu koma. Da ta uku ta gabato, na ɗebi ƙwaya ashirin na jiƙa a tsumma. Shida suka tsiro. Na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka baro gida, don na hana yarana abin da yake mutuwa a hannuna.

Washegari na ɗauki jarkar na je wajen Malam Bala, wani dattijo maƙwabcinmu mai gona a bayan gari. Na durƙusa na ce, "Baba, ga iri, ka shuka kada ya lalace. Ni ba ni da inda zan sa shi."

Ya zuba kaɗan a tafinsa, ya hure tokar, ya ce, "Wanga ba irin kasuwa ba na. Akwai kuyya huɗu a gefen gonata, ɗiyata. Ki shuka da hannunki, ki zuba da yawa a kowane rami."

Dami ɗaya da rabi na samu a kunyoyin nan huɗu. Ba zai kai mu ko tsakiyar rani ba, amma na ware zangarniyar baɗi, sauran na kai turmi.

Yanzu na gane abin da ya sa Kaka ta ƙi ba ni amsa. A da na ɗauka labarin yana koya mana a riƙe iri ko ana mutuwa. Amma matar tana da gonar da ke jiranta, ni kuwa na riƙe nawa ba tare da sanin inda zan sa shi ba, kuma har yau ban san ko kwanakin da na bar yarana da yunwa daidai na yi ba. Shi ya sa ban taɓa ba su wannan tatsuniya ba.

Ranar da na dama musu kunun sabon geron, Maryam ta kurɓa ta ce, "Inna, wannan ya fi na kullum daɗi."

Na ce, "Na gida ne."

Ƙaramin, wanda na goyo muka fito, ya ɗago kai daga kofi ya ce, "Wane gida?"