Bi Mwatima da Ɓarawon Gawayi

Tun tana budurwa Bi Mwatima take ƙona gawayi a bakin dajin Jozani, tana kuma bugun ƙirji cewa dajin ba shi da sauran abin da zai ba ta mamaki. Sai da tsufa ya zo, gawayinta ya fara raguwa a inda take tara shi.

Mijinta Vuai ta fara tuhuma. "Maigida, ko kai ke ɗiba kana kai wa masu gasa kifi?"

"Dubi hannuna, Mwatima, tas yake. Je ki tambayi aljanu."

Ta kuwa je. Ta kai wa malami kaza, ya ba ta turare. Aljanu suka sha hayaƙi, gawayi bai daina tafiya ba.

Ran nan da hantsi ta dawo daga rijiya, sai ga wani jan biri na dajin, wanda ta san ganye kaɗai yake ci, ya harɗe a kan tarin, yana gurgurar gawayi kamar ƙanzo. Ta tsaya da tulu a ka.

"Vuai! Fito ka gani! Yunwa ce ko hauka?"

"Magani yake sha," in ji Vuai. "An ce ganyen mangwaro na murɗa musu ciki."

Ta sauke tulu, ta ɗauki dutse. Sai ta tuna cewa bishiyar da birin yake kwana a kai ce ta sare, ta ƙona wannan gawayin. Ta yar da dutsen.

Har yau, in aka tambaye ta wa ya saci na wa, sai ta ce a je a tambayi birin.