Ranar da Baba ya yi wa likita jarrabawar tiyo

Ko da zan manta da duk abin da ya same mu a shekarar da Baba ya yi ciwon zuciya, ba zan taɓa manta safiyar da na riƙe wa babban likita bakin tiyo a ɗakin marasa lafiya ba.

Mahaifina manomin albasa ne a fadamar da ke ƙasan dam ɗin Goronyo, kuma shi ne mai gyaran injin ban-ruwa da tiyo na duk yankinmu. Wata rana yana cicciɓar inji sai ya dafe ƙirji ya durƙushe, ya ce wani abu ya yage masa har baya. Daga Sakkwato aka tura mu wani babban asibiti mai nisa. Can likita ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ce ta tsage ta ciki, daidai lanƙwasar da rassa uku ke fita zuwa kai da hannuwa. Za su zura wani naɗaɗɗen bututu ta gindin cinya, su tura shi har wurin, su buɗe shi ya rufe tsagar. In aka yi jinkiri, tana iya fashewa kowane lokaci. Sannan ya ja ni gefe ya gargaɗe ni kada kowa ya ɓata wa Baba rai, don hawan jini zai ƙara yaga ta.

Ni da ko a gidanmu an san bakina! Ga shi kuma Baba ya ɓoye babban yatsansa a hammata, ya ce ba zai dangwala a takardar amincewa da aikin ba.

"Likita, wa ka kashe injin kahin ku hwara?" in ji shi.

"Baba, ba a kashe zuciya. Tana aiki za mu yi."

"Gyaran tiyo, inji na tahiya, kuma ta ciki? Shekara talatin ina wagga sana'a, ban taɓa jin haka ba. To in kun shimhiɗa naku bututun, ya toshe bakin rassan nan ukku, wace gona ka shan ruwa?"

Wallahi kunya ta kama ni, na ji kamar in daka masa tsawa. Na cije leɓe na ce, "Baba, don Allah ka bari, sun fi mu sani." Amma likitan ya juyo ya dubi Baba. Ya ce ai wannan ita ce wahalar aikin gaba ɗaya, shi ya sa bututun ke da ƙofofi da aka auna daidai bakin rassan. Baba ya ce baki ba ya gyara tiyo, a gwada ya gani.

Haka kuwa aka yi. Wata nas ta je ta kwance tiyon da ake ba fulawar asibiti ruwa. Baba na kwance, ruwan magani na shiga hannunsa, yana nuni da haɓa inda za a huda tiyon, aka yi huda uku a madadin rassan. Likita, mutum mai furfura, ya naɗe hannun riga, ya yanka ƙofofi uku a jikin wata leda, ya naɗe ta ya tura cikin tiyon da waya. Ni aka ba bakin in toshe da tafin hannu. Aka buɗe famfo. Huda biyu suka yi tsartuwa, ta ukun ko ɗigo.

"Ka kashe gona guda," in ji Baba. "Wacce ta wagga?"

Likita ya duba, wandonsa sharkaf, ya ce, "Mai zuwa kai ce, Baba."

Dariya ta ƙwace wa nas. Baba kuwa ko murmushi bai yi ba. Likita ya ce a ɗakin aiki na'ura na nuna masa komai, ba lalube yake ba, amma bai tsaya a nan ba, ya zaro ledar ya sake. A karo na biyu duka ukun suka fesa, har kan takalmin nas. Baba ya zaro yatsa ya dangwala, ya ce in rani ya kama, likita ya zo fadama, ba zai rasa aiki ba.

Bayan aikin, da Baba ya farfaɗo, bai kula kowa ba. Ya dunƙule hannun dama, ya dunƙule na hagu, ya karanta Fatiha har ƙarshe don ya ji ko kai na nan. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, duk ukkun sun sha." Nan na fashe da kukan da na kwana biyu ina riƙewa.

Na yi ta ɗauka taurin kai ne, ashe tsoro ne ya kama tsohon, kuma ba shi da hanyar faɗinsa sai ta tiyo. Tun daga ranar, in ina jinyar mara lafiya ya yi tambayar da ta ba ni haushi, sai in ja kujera in zauna in ji ta har ƙarshe.