Ranar da Baba Ya Juya Kiɗan Gayya

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Sheme, amma a gidanmu riƙe alli bai taɓa ɗauke wa kowa fartanya ba. Gonakin da mahaifinmu ya bar mana biyu ne: ƙarama a bayan gari, da babba a bakin daji, tafiyar awa guda a ƙasa. Yayana ke riƙe da babbar. Damina biyu muka bar ta ba shuka saboda mutanen daji. Haka muke kiransu. Ɗaya sunan ba mu cika faɗinsa ba, ko a cikin ɗaki.

A damina ta uku rumbunmu ya yi ƙasa sosai, Yaya ya ce zai shuka ta, abin da zai faru ya faru. Ya shuka dawa a gurguje, ta fito da kyau, ciyawa ma ta biyo ta. Da lokacin maimai ya yi, muka ga mu biyu sai mun kwana goma muna zirga-zirga a kan wannan hanya, kuma babu mai hankalin da zai yi haka. Sai Yaya ya kira gayya. Mutum talatin da wani abu suka amsa. Mai unguwa ya yarda, amma ya ce kada a kai ganga.

Ni aka aika in faɗa wa makaɗin garinmu wannan magana. Aminin mahaifinmu ne, shi ya sa muke ce masa Baba. A gidan Maguzawa aka haife shi, can wajen Pauwa, ya musulunta bayan ya yi aure, ya dawo garinmu da gangarsa ta noma. Hannuwansa daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabo ne, saboda da ƙuruciya ya yi shanci, wasan da samari ke ɗaura awarwaron ƙarfe mai kaifi a hannu su shiga fili su yi ta kai wa juna sara. Ya taɓa gaya mini cewa a shanci ba wanda ya fi yanka ake yabo ba, wanda aka yanka bai ɓata fuska ba shi ne gwani.

Baba mutum ne mai tarin sani irin wanda ba a koyarwa a aji. Shi ya fara gaya mini cewa irin ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, yana iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru bai tsiro ba, ko ruwa ya kai yaya, sai ranar da ya ji saiwar dawa kusa da shi. Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai da wani malamin gona ya tabbatar mini haka abin yake. Shi ne kuma ke duba taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. In sun daina bayyana a yamma bayan magariba, sai ya ce a fara gyaran gona, ruwa ya kusa.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar gida yana ɗaure tsirkiyar ganga. Na gaishe shi, na isar da saƙo. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ɗana, mutum talatin ba kiɗa, sai la'asar za su gama gonar nan. Da kiɗa, kahin azahar sun tashi. Su kuma waɗancan da yamma suka fi bin hanyar. Ka tahi ka tambayi mai unguwa wanne ya fi so."

Na ce, "Baba, ai tsoron da ake kada su ji."

"Za su ji in na buga da sassafe. In an kwana da ruwa, ƙasa da sanyi, sauti kwanciya yake yi ya bi ƙasa, ya yi nisan da ba ka zato. Na taɓa kiɗa a nan aka ji ni a ƙauye na uku. Amma in rana ta gasa ƙasa, sama yake tashi ya ɓace. Ba zan taɓa ta ba sai hantsi ya dubi gona sosai."

Muka yi sallar magariba tare a masallacin unguwarsu. Muna fitowa muka tarar mutane sun yi cirko-cirko suna kallon sama. Wasu fitilu ne ƙanana kamar taurari, sun jeru a layi ɗaya, sun fi ashirin, suna tafiya a hankali daga yamma suna nufar gabas, ba ƙara ba hayaƙi. Ta saman daji suka fito. Wata tsohuwa ta fara salati da ƙarfi. Wani ya ce jiragen leƙen asiri ne, wani ya ce alamar tashin duniya ce. Mata suka riƙa jan yara zuwa cikin gida.

Ni na taɓa karanta labarinsu a waya. Na ce musu taurarin ɗan'adam ne da ake harbawa da yawa lokaci guda, kafin su rarrabu sukan bi juna a jere. Na ce ba wuta ce a jikinsu ba. Mu rana ta faɗi mana, amma su suna can sama ƙwarai inda har yanzu take haska su. Babu wanda maganata ta kwantar wa hankali. Ni kaina da nake bayanin, ban daina kallon sama ba.

Baba ya bi su da ido har suka dushe ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kamar shanu za su mashaya. Wa ke kora su?"

Na ce babu kowa a ciki. Don in sauya zancen, na ƙara masa da wani abin da na karanta, cewa a can sama babu iska, saboda haka ko mutum ya buga ganga da duk ƙarfinsa, wanda ke tsaye kusa da shi ba zai ji komai ba.

Ya juyo ya dube ni. "Ka ga hannu na tashi yana sauka, ba ka jin komai?"

"Ko kaɗan, Baba."

Ya ce, "Allah ya raba mu da wurin nan." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Mutum shida suka janye daga gayyar saboda fitilun nan. Da na kai wa mai unguwa maganar Baba, ga kuma hannu ya ragu, sai ya sassauta, ya ce a kai gangar, amma kada mata su kai abinci gona, kowa ya ɗauki furarsa a gora.

Mun isa gona rana na fitowa. An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Muka ja layi muka fara aiki ba mai magana, sai ƙarar fartanya. Kowa ya yi sara uku sai ya ɗaga kai ya dubi bakin daji. Baba ya hau kan wani tsohon suri a tsakiyar gona ya zauna, ganga a gabansa, tafin hannunsa a kan fatar. Bai buga ba sai da gumi ya fara keto mana.

Da ya fara, aikin ya sauya. Kowane gidan manoma a garinmu yana da takensa, wato ɗan kiɗan da aka san kakanninsu da shi. Baba ya riƙa bin layi yana yi wa kowa nasa. Wanda ya ji na gidansu sai ya yi kururuwa ya duƙa, ƙasa na tashi bayansa. Da ya zo kan namu na ga Yaya yana share ido da kafaɗa bai daina sara ba. Na manta da daji. Mun ci fiye da rabin gonar rana ba ta kai tsaka ba.

Sai kiɗan ya yanke na ɗan lokaci, kamar numfashi uku. Da ya dawo, ba kiɗan noma ba ne. Wani abu ne mai nauyi, bugu biyu a jere sannan ɗaya, yana maimaituwa. Ban taɓa jinsa ba. Samari suka ci gaba da aiki, suna zaton sabon salo ne.

Dattijon da ke kusa da ni a layi, sa'an Baba ne, ya tsaya cak. Ya kama hannuna ya ce a hankali, "Malam, aje fartanya. Wanga kiɗan shanci ne. Shi ake yi in jini ya yi yawa a hili, ana so kowa ya watse. Faɗa ma na kusa da kai. Kada wanda ya ruga. A bi ta kwari."

Maganar ta bi layi daga baki zuwa baki. Akwai wani kwari da ruwa ya haƙa a gefen gonar, zurfinsa ya fi tsayin mutum, yana gangarawa har kusa da gari. Muka riƙa zamewa cikinsa biyu-biyu, a duƙe. Yaya ya nufi surin zai janyo Baba. Baba ya girgiza masa kai, ya nuna masa kwarin da haɓa, hannunsa bai tsaya ba. Ni na riƙo rigar Yaya na ja shi.

Muna cikin kwarin, laka har idon sawu, sannan muka ji babura. Da yawa ne. Ba ta hanyar da muke tsammani suka fito ba, ta arewa suka zagayo, wato da mun ruga kan hanya da a gabansu za mu faɗa. Kiɗan yana ta tafiya a bayanmu. Muka ji baburan sun taru wuri ɗaya sun mutu. Gangar ta ƙara bugu kaɗan, ta tsaya. Muka tsaya mu ma, muna jiran ƙarar bindiga. Ba a harba ba. Wannan shirun ya fi mini harbin muni. Dattijon nan ya tura ni ta baya ya ce mu ci gaba.

Duk mun isa gida, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Washegari 'yan sintirin gari suka je gonar. Suka tarar da fartanyoyinmu a zube yadda muka bar su, da takalmin Baba ƙafa ɗaya a gindin suri. Shi da gangar babu.

Kwana tara ba labari. Ba a kira kowa a waya ba, ba a aiko da saƙo ba. Yaya ya daina cin abinci sosai, kullum yana zaune a zauren Baba. Mai unguwa bai taɓa ce mana ai na faɗa muku ba, amma ya daina haɗa ido da mu. A rana ta goma da hantsi wasu mata masu itace suka ga Baba yana tahowa shi kaɗai, ba takalmi, ba ganga, yatsunsa sun kumbura sun fashe.

Sai da ya yi mako yana jinya sannan ya yi mini magana. Mu biyu ne a ɗakinsa. Na tambaye shi yadda aka yi ya san suna zuwa, alhali mu ba mu ji komai ba.

Ya ce, "Fatar ganga ta riga kunne ji. Na ɗora hannu in huta, na ji tana rawa ita kaɗai. Babu abin da ke sa ta haka sai hadari ko inji, kuma sama garau take."

"Me ya hana ka yi ihu, Baba?"

"In na yi ihu, kan hanya za ku ruga. In na yi shiru, sun san an gan su, su bazu neman ku. Muddin ganga na tashi, wurinta za su nufa."

Ya ce biki suke yi a can ciki, wani babbansu ke aurar da ƙanensa, suka ga makaɗi ya faɗo musu. Kwana bakwai yana yi musu kiɗa. Ba su doke shi ba, har nama suka ba shi. Da aka gama suka riƙe gangar suka nuna masa hanya.

Na ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ɗana, a kwana na huɗu wani ya zo ya tsuguna gabana, fuskarshi a naɗe da rawani. Ya ce in yi mashi taken gidansu. Na ce ban san gidansu ba. Sai ya ɗora yatsa a kan gangata ya buga mani shi da kanshi. Daidai, ba kuskure. Na garin nan ne."

Na ce, "Na wane gida?"

"Na yi mashi. Ya yi rawa, ya yi kuka, ya tashi ya tahi."

"Baba, na wane gida?"

Ya ce, "Kai kana koyar da 'ya'yan kowa. Bar shi a cikina."

Ba mu koma gonar ba sai da kaka, ni da Yaya da jaki ɗaya, muka yanko abin da muka iya kafin hantsi muka gudo. Sauran da ba a nome ba ciyawa ta cinye shi. Ba a sake kiran gayya a garinmu ba. An kawo wa Baba wata ganga daga Damari, ya yi godiya, ya ce a mayar wa mai ita.

Yanzu yana cikin garin Faskari wurin 'yarsa, yana tufka igiya a ƙofar gida yana sayarwa. Nakan je gaishe shi in an yi hutu. Zuwana na baya-bayan nan na kai masa ɗan gero. Muka yi hira a kan farashin taki da ciwon gwiwarsa, ya tambaye ni mutanen gari gida-gida, bai tsallake ko ɗaya ba, ni kuma ina ta kallon fuskarsa ko zan ga inda za ta sauya. Ba ta sauya ba. Da aka kira azahar ya ce in yi salla in kama hanya, kada la'asar ta same ni a tsakanin garuruwa.