Ranar da Ɗan Fashina Ya Durƙusa wa Surukina

Duk ƙasar Daura, ka ɗauko daga Zango ka dire a Babban Mutum, ban san wanda Allah ya hore wa baki kamar ni ba. Na taɓa ba da labari a gidan suna har mahauci ya manta da wuƙa a hannunsa, ragon ya gaji da jira ya koma kiwo. A lokacin nakan ce ba a haifi mutumin da zai sa harshena ya sarƙe ba. Da wannan bakin na shiga abin da ko daga barci aka tashe ni ba zan manta ba.

Ƙanena da ke karatu a Zariya ne ya nuna mini a waya yadda wasu mutane a ƙasashen waje ke zama a tebur su ƙirƙiri labari tare. Kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama bakinsa, ɗaya kuma ya riƙe ragamar duk abin da zai same su. Ya ce wasu ma da kansu suke tsara nasu wasan a gida. Na ce ai ni suka kwaikwaya ba su sani ba. Na zauna a shagona na kayan babur na tsara nawa, na sa masa suna Ayari. Kowane ɗan wasa falke ne. Kafin ayari ya tashi sai ya faɗi kayan da ya ɗauko, da wanda ya baro a gida, da abin da yake tsoro. Ni kuwa ni ne hanya, ni ne rana, ni ne duk wanda suka gamu da shi.

Su can ƙwayar lido suke jefawa don a san ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Mu kuwa shari'a ta riga ta zauna da gindinta. Ka jefa ƙwaya a bakin titi da gemunka, kafin ta tsaya an gama yi maka suna. Na ce to a jefa wuri, tela maƙwabcina ya ce wuri ai shi ne kakan caca. Na ce a yi zane a ƙasa, abokinmu dillalin awaki ya ce za a ce mun buɗe gidan duba. Ƙarshe na zuba farin wake da 'ya'yan tsamiya a tsohuwar hula. Ka ciro wake, ka tsira. Ka ciro tsamiya, ni zan faɗi masifar da ta same ka, kuma dokar farko ita ce ba a jayayya da hula.

Abin alfaharina shi ne sarkin 'yan fashi da na zaunar a wani kwazazzabo, a kan taswirar da na zana a bayan kwali. In na yi muryarsa kajin unguwa sukan canza layi. Shi ya ƙwace wa falken tela raƙumansa duka, ya sake shi daga shi sai ɗan kamfai, har tela ya yi kwanaki ba ya amsa sallamata da kyau.

Amma mai wucewa ba ya ganin raƙuma. Abin da yake gani shi ne magidanta sun kewaye teburin tela, suna tsoma hannu a hula, wani na murna wani na salati. Magana ta yi tafiya har Sandamu, ta shiga zauren surukina. Malami ne mai karantarwa, da ƙuruciyarsa kuma ya yi fataucin shanu zuwa kudu. Tun da ya ba ni 'yarsa ban san launin idonsa ba, takalminsa kawai na sani.

Matata ce ta isar mini da saƙon tana tsince wake. “Baba zai zo ya gani da idonsa. Ya ce in caca ce in haɗa kayana da na yara, jininsa ba zai ci tuwon caca ba.” Ta ƙara da cewa, “Kuma a dawo mini da wakena.”

Bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke shi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani. Ya ce, “Bayani kowa ya iya. A matsa mini.” Ya zauna a benci, ya ce falkensa jaki ɗaya gare shi, kanwa ya ɗauko, tsohuwarsa ya baro a gida.

Na ce, “Abin da yake tsoro fa, Baba?”

Ya ce, “Allah.”

“Ban da shi, Baba, wani abu haka na hanya.”

“Babu.”

Ranar ayari ya ga gata. Duk inda suka juya inuwa, duk ƙauyen da suka sauka an dama musu fura. Tela ya dube ni ya ce, “Yau kamar gwamnati ta gyara hanyar nan.” Ina ta lallaɓa su ta nesa da kwazazzabo, sai surukina ya ɗora yatsa a kan kwali.

“Me ya sa za mu zagaya? Nan ya fi kusa.”

Dillali ya miƙa masa hula da hannu biyu. Na yi addu'ar da ban yi irinta ba ko ranar da matata ke naƙuda. Ya tsoma hannu, ya buɗe. Tsamiya.

Tela ya gyara zama kamar an kawo masa ɗinkin sallah. “To, sarkin fashi ya fito. A faɗa wa Malam abin da aka faɗa mini.”

Abin da aka faɗa masa kuwa shi ne, kai tsohon banza, sauke kayanka. Na buɗe baki. Muryar na nan, na ji ta a ƙirjina, amma ta leƙo ta ga wanda ke zaune ta koma. In na faɗa, na zagi surukina a bakin titi. In na ƙi, na karya dokar hula a gabansa, ya ga wasan da ake murɗewa, wanda a wurinsa ya fi caca muni. Ban san lokacin da na zame daga benci ba. Sai ji na yi sarkin 'yan fashi, wanda ya addabi hamada, yana tsugune yana cewa, “Barka da yamma, Baba. An zo lafiya?”

Surukina bai yi ko murmushi ba. Ya dubi saman kaina ya ce, “Kai ɗan gidan wane ne?”

Ban taɓa ƙirƙira wa ɗan fashin nan uba a labarin ba. A take na yi masa.

“Ya san abin da kake yi a nan?”

“Bai sani ba, Baba.”

“Ka yi la'asar?”

“Yanzu nake shiri, Baba.”

Haka ya titsiye shi. Ya tambaye shi ko yana da iyali, ya tambaye shi wa ke yi wa uwarsa noma. Ɗan fashi ya riƙe wa jaki linzami, ya ba da ruwa, ya ce a yafe masa. Tela ya miƙe tsaye. “Allah gafarta Malam, mutumin nan fa tsirara ya bar ni.”

“Ka ji,” in ji surukina. “Mayar masa da raƙumansa. Da wandonsa.”

Aka mayar. Dillali ya ce tun da abin ya zo da sauƙi a tambaye shi akuyar da ya ƙwace masa makon jiya. Ita ma aka mayar. Kafin kiran magariba mugun da na yi wata da watanni ina ginawa ya tuba, ya bar kwazazzabo, ya kama sayar da rake.

Abin da na koya, kuma har yau da furfurata ban ga ya canza ba, shi ne kana iya ƙera duniya sukutum a bayan kwali, ka zama sarkin rana da ruwa a cikinta, amma kunyar da aka raine ka da ita za ta riga ka shiga, ta zauna tana jiranka. Wasan muna yi har gobe, sai dai miyaguna yanzu duk kuraye ne, su ba sa gaisuwa.

Na raka shi bakin titi ina kallon takalminsa, ina jiran hukuncinsa a kan matata. Sai da ya hau babur ya tattare rigarsa sannan ya yi magana.

“Ka ce mata ta kwance kayanta. Wannan ba caca ba ce. A caca akan samu mutum ɗaya da ya tashi da wani abu.”